Sandar da Na Ɗaura wa Mota Saboda Baba

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana tuƙa motar wani kamfanin gilashi. Manyan gilasan tagogi da na ƙofofin shaguna ake jera masa a tsaye a bayan mota, a cusa tsumma a tsakaninsu, a ɗaure da igiya, ya kai su duk inda aka ce. A cikin shekarun nan, uku kacal ya taɓa fasawa, kuma har gobe yana cewa biyu laifin masu lodi ne. Na ukun kuwa ba ya so a tayar da zancensa. Mutum ne da in zai sha kwana sai ya yi shiru, ko da a tsakiyar labari yake, sai mota ta miƙe sannan ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ni ne ɗansa na fari, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Aikin ofis nake yi, shi ya sa yake kirana Akawu. Sau uku na yi gwajin tuƙi kafin a ba ni lasisi, kuma ina zargin a na ukun mai gwajin gajiya ya yi da ganin fuskata.

Da idon Baba ya fara dushewa, likita ya hana shi tuƙi, ya kuma sa masa zuwa asibiti duk bayan mako biyu. Ni na kai shi zuwan farko. A babban shataletalen da ke kusa da asibitin motar ta karkata, ya kama mariƙin saman ƙofa. Da ranar komawa ta zo, sai Mama ta kira ni ta ce in yi zamana, telan da ke maƙwabtaka da su zai kai shi. Tela! Mutumin da ƙofar motarsa da waya ake ɗaure ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ba ni da wani buri da ya wuce ubana ya yarda in riƙa kai shi.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na motar na hango. Na duƙufa bincike a waya har na gano wata sandar ƙarfe da ake gindayawa a ƙarƙashin bonet, wato murfin inji, daga kan shokoba ta dama, ƙarfen nan mai rage girgizar taya, zuwa ta hagu, wai tana hana gaban mota murɗewa a kwana. Akwai ta alminiyam mara nauyi, akwai ta baƙin ƙarfe. Wata a dunƙule take, wata tana da gaɓa a kowane kai, wata ma ƙafa uku gare ta, ta ukun tana kama bangon bayan inji. Mako biyu na yi ina auna su da juna, ni da ban san inda ake zuba man birki ba. Matata ta sha bayani har ta fara barin ɗaki in ta ga na ɗago waya. Bayan duk wannan ilimi, na zaɓi wata ja, saboda ja ce.

Bakanikena ya juya ta a hannu, ya dube ni.

"Malam, tsere za ka shiga?"

"Asibiti zan riƙa kai Baba."

Ya durƙusa ya shafa tayoyin gaba, ya leƙa ta ciki, ya fito da yatsa duk mai.

"Ka ga tayoyin nan sun yi sanƙo, shokobar hagu kuma tana yoyo. Sanda ba ta maganin wannan."

Na ce ya ɗaura kawai, na yi karatun abin. Ya ɗaura, ya matse notuna, ya sauke bonet, bonet ya ƙi rufuwa. Ashe ta samfurin wata shekara na sayo, ta fi wadda ta dace da motata tudu da kamar yatsa biyu. Mai walda na gefe ya zo ya ba da shawarar a yanke ta a sake haɗawa, mai fenti ya ce a huda bonet ɗin kawai, suna yi suna ƙunshe dariya. Haka na saɓa jar sandata a kafaɗa na mayar, na karɓo wata baƙa mai gaɓa wadda ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ita ta zauna daidai. Na kuma bari aka canza tayoyi da shokoba.

Sai da na haɗa da Mama kafin Baba ya yarda ya sake shiga motata. Ranar, ya ce in buɗe bonet. Da yake ba ya gani sosai, da tafin hannu ya bi sandar daga wannan kai zuwa wancan, ya girgiza ta.

"Wannan fa, Akawu?"

Na zuba masa duk karatuna na mako biyu. Ya saurara har na gama, ya ce, "To."

Muka kama hanya ina riƙe da sitiyari kamar za a ƙwace mini. Da muka zo shataletalen na shiga da ƙarfin gwiwa, a tsakiya kuma tsoro ya kama ni na danna birki. Motar ta yi gaba da goshi, Baba ya dafe allon da ke gaban kujerarsa. Da muka fita ya ce in sauka gefen titi in tsaya.

"Motarka ba ta da laifi," in ji shi. "Ko ran nan ma karkatarta da sauƙi. Tuƙinka ne ba kyau. Amma na tela ya fi naka muni."

"To Baba, me ya sa kake bin sa?"

Ya daɗe yana murza gwiwarsa da babban yatsa.

"In tela ya ɗauke ni, fasinja nake, shi ke nan. Kai kuwa a kan cinyata ka fara riƙe sitiyari. In na zauna a nan kana can, sai in ga an gama da ni."

Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni. Wata guda ina fama da notuna da ƙarafa, ban taɓa tambayar kaina yadda kujerar nan take a wurinsa ba. Sai gaskiya ta fito da kanta.

"Baba, ni fa ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Ka koya mini."

Ya yi gyaran murya, ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a kan taga.

"Juya mu sake shiga. Birki tun kafin kwana, ba a cikinta ba. Kuma ka saki sitiyarin nan kaɗan, ba gudu zai yi ba."

Sau biyar muka zagaya shataletalen yana yi mini faɗa, muryarsa tana ƙara ƙarfi a kowane zagaye. Kafin mu isa asibiti layi ya yi nisa, shi ne na ashirin da shida. Da muka fito ya miƙo mini katinsa ya ce in ajiye a motata, kuma zuwa na gaba in zo da wuri, don akwai sauran aiki a kaina.