Shafin da Na Naɗe Kifi da Shi

Ranar kasuwar Haɗeja ce, a ƙarshen daminar da ruwa ya cinye mana shinkafar fadama, ina aji huɗu na firamare. Inna ta kwashe tarwaɗa daga kasko ta jera mini a faranti, sai ta ce takardun naɗi sun ƙare, in nemo ko a ina ne kafin kifin ya huce. Da tsofaffin littattafanmu na makaranta muke naɗe wa masu saye, su kuwa tuni mun gama da su. Ni da rawar kaina, sai na faɗa ɗakin Baba na buɗe adakarsa.

A ciki akwai littafin nan da duk gida aka sani, ƙato mai jan bango, tarihin wani tsohon kamfanin ƙera motoci na ƙasar Italiya. Wani Bature ɗan can, wanda Baba ya daɗe yana yi wa gyaran injuna a aikin noman rani, shi ya bar masa da zai koma gida. Ba mai jin yaren a unguwarmu, har shi Baban. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya wanke hannu, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya buɗe mana. Ga jajayen motocin tsere masu siffar kwalekwale, ga maƙera cikin hular hana-salla sun zagaye inji. Yayyena maza su yi ta kwaikwayo da kara da laka, mu mata a ce mu kalla da ido kawai.

To ni a wayona, ba zan taɓa hoto ko ɗaya ba. Na yagi shafi uku masu rubutu zalla, na haɗa da na farko, wanda babu komai a jikinsa sai 'yan layukan tafiyar tsutsa da biro. Kafin la'asar kifi ya ƙare, har Inna ta sa mini albarka.

Ashe wannan tafiyar tsutsar ita ce shaidar aiki da Baturen ya rubuta wa Baba da hannunsa. Baba bai yi boko ba, ba shi da wata takarda a duniya sai ita. Ga shi jibi za a ɗauki makanikai na taraktocin noman alkama, kuma tunda shinkafa ta tafi, gidan gaba ɗaya wannan aikin ya zuba wa ido. Da ya buɗe littafin washegari, na ga ya nufi yayyena da dorina, sai na fashe da kuka na ce ni ce. Bai dake ni ba, wallahi gara ma a ce ya daka. Hannuna ya kama muka bi masu sayen ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi ya tono mana biyu a bayan tebur, mai faci ya ba mu ɗaya sharkaf da mai. Na huɗun kuwa, mai rubutun Baturen, wani fasinja ne ya saya ta tagar motar da ke zuwa garin Malam Madori.

A hanyar komawa ina ta shessheƙa, ya tsaya ya goge mini fuska da bakin rigarsa ya ce, "Ya isa haka, Hajara. Ai ba da hannuna kika naɗe kifin ba."

Ya je wurin ɗaukar aikin da hannun nasa, aka ɗauki masu takarda. Ranin nan a bakin kogi ya yi shi, yana gyara wa manoma injin ban-ruwa, wani ya ba shi tumatir, wani kwanon alkama. Mun sha wuya sosai, amma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Yau littafin yana hannuna, shafukan nan uku suna ciki da tabon mansu. Ɗana yakan ɗora waya a kan rubutun, nan take ta fassara mana. Na san wanda ya kafa kamfanin, na san motar da ta fara cin tsere, abin da Baba ya rasu bai sani ba. Abin da Baturen ya faɗa a kan ubana ne kawai nake so in ji, shi kuma na sayar da shi da tarwaɗa.