Tanderun da Baba ya gina a zaune

Shekara arba'in da ɗaya mahaifinmu yana aikin gini, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin ya dafa ko ruwan shayi ba. Da sassafe zai saɓa jakarsa, cokalin gini da igiyar awo a ciki, sai magariba mu gan shi fari fat da ƙurar siminti. Leburorinsa suna ce masa Baba Sake, domin in ya kanne ido ɗaya ya dubi katanga, kalma ɗaya ce ke fita daga bakinsa: "Sake." Mutum ne mai gaggawa. A tsaye yake cin abinci, kuma ko gaisuwa ta yi tsawo sai ka ga yana motsa ƙafa.

Wata Laraba katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu. Ƙashin ƙugunsa ya tsage. Bayan wata huɗu ya miƙe da sanda, amma likita ya ce shi da hawa tsani har abada. Daga nan ya koma zaman kujera a bakin ƙofar ɗaki, rediyo a cinya, ba ya ma kunnawa. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji ta zuba masa ido.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a makarantar firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Ran nan na biyo ta wani shago na sayo fiza a kwali, burodin nan na Turawa mai cuku da tumatir a sama, don dai a ɗanɗana abin da ba a saba ba. Kowa ya ɗauki yanka yana ci, shi kuwa ya juya nasa yana duban ƙasan, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Uwata, a me ake gasa wannan?"

"A tanderu, Baba. Wasu na lantarki, wasu na bulo."

"Na bulo?" Ya gyara zama. Rabon da in ji muryarsa ta tashi haka tun kafin faɗuwar.

Na nuna masa a waya yadda ake yi. Ya kalla sau uku, ba kwaɓin yake kallo ba, bakin tanderun da rufinsa mai kama da ƙwarya a kife yake ƙare wa kallo. Washegari ya sa ƙanena ya kwaso ragowar jan bulo da ke jibge a bayan gida.

A zaune ya yi ginin, a kan 'yar kujera, sati uku. Da yake duk muna fita aiki, Inna ce ta zama leburarsa, tana kwaɓa ƙasa tana miƙa bulo.

"Malam, ka san dai ba a sa lebura aiki da yunwa," in ji ta.

"Ai abincin muke ginawa."

"To Allah ya sa mu ga ranar."

Ginin bai ba shi wahala ba. Kwaɓin fulawa ne ya nuna masa iyakarsa. Ya ce shi zai yi komai da hannunsa, tun daga kwaɓi har miyar tumatir ɗin da ake shafawa. Ranar farko ya zuba tafasasshen ruwa a kan yis, wai don ya yi sauri. Kwaɓin ya kwanta a kwano kamar dutse. Rana ta biyu ya tashi kaɗan, amma Baba bai iya jira ba, bayan minti ashirin ya murza ya jefa a wuta. Abin da ya fito, ƙanena ya ce a ajiye, zai yi amfani in tayar keke ta fashe. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita, karo na farko da ya wuce bakin layi shi kaɗai tun faɗuwar.

Wajen mai gidan burodi ya je, wani dattijo da Baba ya gina wa wurin gashi shekaru ashirin da suka wuce. Shi ya ba mu labarin daga baya. Ya ce Baba ya zauna a kan buhun fulawa ya ce, "Maigida, yau ni ne ɗan koyo."

Mai burodin ya kama hannunsa ya tsoma a ruwa. "Ka ji wannan ɗumin? Kamar na wankan jariri. In ya wuce haka ka kashe yis. Ka zuba gishiri a gefe, ka murza har kwaɓin ya daina kama hannu. Sannan ka rufe, ka tafi."

"In tafi ina?"

"Ko ina. Shi dai ba ya son a tsaya masa a ka."

Wannan ne ya fi yi wa Baba wuya. Sai ya rufe kwanon da tsumma, ya zauna yana hararar sa. Inna ta ga abin ba zai yiwu ba, ta fara ajiye masa aiki a lokacin jiran. Ya ɓare tafarnuwa, ya yanka albasa yana hawaye, ya tsaya kan tumatir yana juyawa har ruwan ya tsane ya yi kauri. Wata rana ina shanya a tsakar gida na ji ya ce mata, a hankali:

"Ashe haka kafaɗa ke ciwo a aikin nan?"

"Sau uku a rana," in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba.

Can ya jawo kwanukan da ya ɓata ya fara wankewa. Inna ta buɗe baki za ta hana shi, sai ta fasa.

A gwaji na bakwai aka dace. Ya hura itace tun hantsi har bulon ciki ya yi fari, ya ture garwashin gefe guda. Ya buɗe kwaɓin da yatsu, ya bar gefen da ɗan kauri, ya shafa tumatir, ya barbaɗa cuku da albasa da tattasai, ya ɗiga man zaitun. Da wani faranti mai dogon hannu da maƙerin layinmu ya yi masa ya zura fizar a ciki. Muna tsaye muka ga gefen yana kumbura, cukun yana tafasa. Ko minti uku ba a yi ba ya fito da ita. Ya yanka, ya miƙa wa Inna yankan farko. Ta tauna, ta daɗe tana taunawa, mu duka muna kallon bakinta.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," ta ce. Sannan ta miƙa hannu ta ƙara.

Yanzu shekara uku ke nan. Mutane sun ba shi shawara ya buɗe shago, ya ce shi ya gama yi wa kowa aiki da agogo. Ranar Asabar kawai yake hura wuta. Tsofaffin leburorinsa sukan zo su zauna a kan benci, jikoki suna rigimar wa za a ba ya barbaɗa cuku. Matan unguwa huɗu sun roƙe shi ya gina musu irin tanderun, ya je da sandarsa ya zauna yana nuna wa magina inda za su sa kowane bulo. Ƙugun yana damunsa in an yi sanyi, kuma har yau in mota ta wuce da mu ta gaban wani dogon gini da ya yi, yakan kau da kai.

Kwanan baya na lura da wani abu. Duk Asabar yakan gutsiri gefen burodin ne kawai, ya tura wa jikoki sauran.

"Baba, ba ka cin tsakiyar ne?"

Ya waiga ya tabbatar Inna ba ta kusa, ya rage murya.

"Uwata, ni fa cukun nan bai taɓa yi mini daɗi ba. Kada ki gaya wa kowa. Miƙo mini itacen can, wutar tana neman mutuwa."