Shekara Huɗu Ba Saja Bala, Wanda Ya Ce In Tambayi Matata

Shekara huɗu ke nan da muka kai Saja Bala makwancinsa a maƙabartar Al Qusais, nan Dubai. Ni ba marubuci ba ne. Firamare kawai na gama, aikina ɗaure kayan 'yan kasuwa a Murshid Bazaar. Amma duk shekara in wannan wata ya kama sai in ji ya kamata wani ya faɗi ko wane ne shi. Bana na ce bari in faɗa da kaina.

Tsohon soja ne, mutumin Kontagora, yana gadin wani sito. Mu takwas muke zaune a filat ɗaya a unguwar Hor Al Anz, shi ne babbanmu. Shi ya sa mini suna Sarkin Waswasi, don ina iya maimaita alwala ba dalili, ko in kai bakin titi in dawo in duba ko na kashe gas. Yakan ce, "Habu, da kai aka ba gadin bariki, ko sauro sai ya nuna katinsa."

A 2016 siyasar gida ta biyo mu har kicin. Rabinmu na kare gwamnati, Tasi'u ne bakinsu. Sauran na zaginta, Nura ne nasu. Tun ana raha har ta kai tukunyar da muke haɗawa ta rabu biyu, kowane ɓangare da kan murhunsa. Saja bai shiga ko ɗaya ba. Yakan ɗauki farantinsa ya ɗebi shinkafa a nan, miya a can, in an harare shi ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ni ban ga hoton jam'iyya a jikin albasa ba."

A wannan tsakanin aka kira ni daga Funtuwa. Matata Rabi tana da ciki wata uku, kuma tun haihuwarta ta uku zuciyarta ba ta koma daidai ba. Likita ta ce zuciyar ba za ta ɗauki wannan ciki ba, in ba a raba ta da shi ba ana iya rasa su duka. Asibiti na jiran amincewata. Na rasa inda zan sa kaina. In na ce e, ina ganin na kashe rai. In na ce a'a, ina ganin na kashe uwar 'ya'yana. Abinci ya daina shiga, a wurin aiki kuwa na rubuta sunan wani a kwalin wani.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na faɗa wa 'yan ɗaki. Dama akwai wani saƙon murya da ke yawo a waya, ba wanda ya san mai shi, wai gwamnati ta haɗa baki da Turawa a riƙa zubar da ciki a asibitoci. Nura ya buga cinya ya ce, "Kun gani ko? Ga shi sun fara da matar Habu! Kada ka yarda, wallahi aikin gwamnatinsu ne." Tasi'u ya ce, "Ƙarya kake! Habu, yarda kawai, ka nuna musu asibitocinmu na aiki." Suka kaure. Ina zaune ana jan Rabi kamar tabarma, ba wanda ya ko ambaci sunanta.

Saja ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yalla, zo mu sha shayi."

Na bi shi ina ganin na riga na san amsarsa, domin kowa ya san a kan maganar zubar da ciki ya rasa kakinsa. Amma ban taɓa jin labarin daga bakinsa ba sai ranar, a kan benci, gaban mai shayi. Ma'aikacin jinya ne shi a bariki. Wani babba a kansa ya yi wa wata yarinya mai sayar da abinci ciki, ya kawo ta, ya ba shi umarni ya yi mata allura. Saja ya dubi yarinyar ya ce, "Ke kina so?" Ta girgiza kai tana kuka. Sai ya ajiye allurar ya ƙame ya ce ba zai yi ba. Aka kulle shi, aka cire masa igiya, daga baya ya bar aikin da yake so fiye da komai.

Na ce, "To Saja, ke nan in ƙi?"

Ya ce, "Kai dai ba ka saurare. Ni abin da na ƙi, a danne mai rauni don a rufa wa mai ƙarfi asiri. Rantsuwar da na yi ta kare mutane ce. Waccan lafiyarta ƙalau, kuma ba ta so. Taka fa? Ka tambayi Nura, ka tambayi Tasi'u. Ita ka tambaye ta?"

Gaskiya ban tambaye ta ba. Da yayanta nake magana, da mahaifiyata, ina tsoron kada in ƙara mata damuwa. Ya karɓi wayata ya kira Rabi, ya ce, "Ƙanwata, ga mijinki, gaya masa abin da ke ranki." Ya miƙo mini, ya koma can gefe da kofinsa.

 Rabi ta ce, "Baban Aisha, ina tsoron Allah, ina kuma tsoron in bar yaran nan. Kowa magana yake a kaina. A tambayar mini malami, in ya ce babu laifi, ni ina so in rayu."

Saja bai yanke mana hukunci ba, ya ce shi ba malami ba ne, ba kuma likita ba. Ya sa muka nemi likita na biyu, ya faɗi abin da ta farko ta faɗa. Yayan Rabi ya je wurin babban malamin unguwarmu, malam ya ce in amintattun likitoci sun tabbatar da haɗarin, ran uwa ake gabatarwa. Na amince. Aka yi aikin, Rabi ta tashi.

Shekara ɗaya bayan haka Saja ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar siton da yake gadi. Nura da Tasi'u kafaɗa da kafaɗa suka ɗauki makararsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, kafin sadakar bakwai sun koma faɗansu.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Bara, ana fama da korona, wasunmu ba aiki ba biza, amma sai ga ɗakinmu ya sake rabuwa a kan zaɓen Amurka. Wai wancan ɗan takarar yana hana zubar da ciki, wannan yana halattawa, don haka kowa ya zaɓi nasa. Mutanen da ko ƙuri'a ba su da ita a can suna daina gaisawa a nan. Na tabbata da Saja na nan dariya zai yi, sannan ya tambaye su sunan mace ɗaya daga cikin waɗanda suke faɗa a kansu. Shi bai taɓa ɗaukar rai da wasa ba, shi ya sa ya ƙi umarnin babbansa. Bai kuma yarda a mayar da ciwon mutum tutar jam'iyya ba. Wasu na ganin amsa biyu ya bayar, ɗaya a bariki ɗaya a bencin mai shayi. Ni da nake wurin na san ɗaya ce.

Waswasina bai bar ni ba. Har yau ina duba gas, ina kuma yi wa ɗan da ba mu samu gani ba addu'a. Amma a kan wannan magana kaɗai, ni da nake shakkar komai, ba na shakka.

Saja bai bar gida ba, bai bar fili ba, takalmansa da yake gogewa kullum muka aika wa iyalinsa. Abin da ya bari yana Funtuwa. Jiya da safe Rabi ta raka Aisha da ƙannenta makaranta da ƙafarta, ta dawo ta ɗora abincin sadaka, kamar yadda take yi duk shekara, don mutumin da ba ta taɓa gani ba, muryarsa kawai ta ji sau ɗaya. A waya na ce mata maƙwabtanmu na can fa wasu ba sa ga maciji da juna saboda siyasa, yaya za ki raba? Ta ce tukunya ɗaya ta ɗora, wanda ya ga dama ya kawo kwanonsa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Saja.