Motar da na mayar wa ɗan Sani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Sani mai bugun mota, amma har gobe in na ji ƙarar guduma a bakin titin Kankiya sai na waiwaya. Ni Lawal ne, sana'ata wankin mota da sa mata folish, kuma rumfata tana kallon garejinsa.

Tsarinmu ba ɓoyayye ba ne. In mota ta lotse aka kawo masa, ya buge ta ya yi fenti, ba ya miƙa wa mai ita makulli sai ta biyo ta wajena. Ni kuma in ina wanki na ga lotsawa, sai in nuna wa mai motar garejin Sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma akwai sharaɗin da shi da kansa ya gindaya: in na kwara ruwa na karkata kai na ga jikin motar bai miƙe ba, in mayar masa da ita ko da mai ita yana tsaye. Na sha mayarwa kuwa. Sai ya yi ta mita yana cewa idona ya fi na surukar zamani, sannan ya ɗauki gudumarsa. Har daga Kusada da Kafinsoli direbobi ke zuwa saboda wannan.

Ina ma Sani zai leƙo ya ga yayin da ake yi yanzu. Ba a bugun ƙarfe, sai dai a cusa fila, ƙullun nan da ake cike rami da shi, a shafe da fenti, a kai wa mai wanki ya sa ta ƙyalli. Dillali ya sayar, damina ɗaya ta wuce, fenti ya fara tsagewa a hannun bawan Allah da ya sayar da hatsinsa ya saya. Na san abin da Sani zai ce, domin ya sha faɗa: wannan kwalliya ce, ba gyara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗansa Kabiru, wanda ya gaji garejin, shi ma ya bi yayi. Ranar da na fara mayar masa da motar wani dillali, ya tsallako titi ransa a ɓace.

"Baba, wanki aka ce ka yi. Mi ya kai ka duba aikina?"

Na ce masa abin da ya kai ni duba aikin ubansa, shi ya kai ni duba nasa. Daga ranar ya ɗauke ƙafa, motocinsa suka koma wajen masu wankin da ba sa tambaya. Rumfata ta yi shiru, har maiɗakina ta ce in rufe ido mana, tunda ba ni na cusa filar ba. Abokai ma suka ce zamani riga ne. To, ni wannan rigar ba ta shige ni. Wanda ya goge ƙarya ta yi ƙyalli, da shi aka yi ta.

Makon jiya sai ga Kabiru da kansa ya turo wata mota, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce da guduma ya yi wannan, in duba mashi. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na kwara ruwa. Ƙofofin sun miƙe sumul, amma gefen gaba akwai ɗan tudu. Zuciyata ta ce in bar shi, kada yaron ya sake gudu. Na daɗe ina riƙe da bokiti, sannan na nuna masa wurin na ce ya koma da ita.

Ya ja motar ya tafi, kuma har yau bai dawo ba. Sani bai bar gidan bene ba, bai bar gonaki ba. Abin da ya bari shi ne a faɗa wa mutum gaskiyar aikinsa, kuma a hannuna ya bar shi. Allah Ya jiƙansa. Ina son Kabiru kamar ɗan cikina, kuma ina jiran sa. Amma in tudun nan yana nan, zai sake komawa da ita.