Garin da Ba a Kiɗa

Shekarar da na gama sakandare ni ce rediyon gidanmu. Da kaka, in an yi la'asar an baje gyaɗa a tsakar gida, mata su zauna ɓara, har da na maƙwabta, ni kuma in ɗauko littafi in karanta musu. Ba na ɓara. Karatun shi ne aikina, kuma ba wadda ta taɓa cewa uffan.

Littafin na aljanu ne, kashi uku, a kasuwar Tsanyawa na samo shi. Labarin wani gari ne da aka kafa a kan sarkin aljanu, yana barci a ƙarƙashin ƙasa. Duk abin da ya yi kama da kiɗa zai tashe shi, in ya tashi kuwa garin ya nutse. Saboda haka ba ganga, ba kalangu, ko tafi ba a yi. Matan garin sai sun naɗe taɓarya da tsumma kafin su yi daka. Goggo, yayar Babanmu, ta sa na yi ta maimaita wannan wurin, tana jinjina yadda surfe zai yiwu da taɓarya mai tsumma. Har ta kai in yaro ya buga kwano a gidanmu sai a ce, "Kai, za ka tashe shi!"

Mun gama littafi na biyu ke nan matar Yaya ta zo da albishir, wai an yi fim ɗinsa, ga shi a wayarta. Ni ma na yi murna. Aka jingina wayar da turmi, muka haɗa kai a kanta.

Ba a yi nisa ba sai ga jarumar a tsakiyar kasuwar garin, 'yan mata a bayanta cikin anko, ana narkar kiɗa kamar za a tsaga ƙasa, tana juyi tana karya wuya. A garin da ba a tafi! Na ce a tsayar.

"Me kuma ya faru?" in ji matar Yaya.

"Ba ki ji kiɗa ba? Ina aljanin?"

"Ai ba ganga ba ce, fiyano ne. Aljanin zamanin da, ina ya san fiyano?"

"Au, sai ya tambayi sunan abin kafin ya farka?"

Wata maƙwabciyarmu ta ce ai mutanen cikin fim ba sa jin kiɗan, mu masu kallo aka sa wa. Na ce to rawar me suke yi, cinnaka ne ya cije su? Aka yi dariya. Inna ta ce, "Ke matsalarki rashin haƙuri. Wa zai kalli fim ba waƙa?" Na ce su yi waƙarsu mana a bayan gari, jarumar ba tana zuwa itace ba? Daji ya yi musu kaɗan ne?

Sai matar Yaya ta jefo wadda ta tsaya mini a wuya. "Wa ma ya sani ko akwai hana kiɗan a littafin? Mu dai ba mu gani ba, ke kika faɗa. Masu fim ai sun fi ki karatu."

Wato ni na ƙirƙira. Na shiga ɗaki a fusace, na ɗauko littafin, na buɗe shafin na kai mata har hanci. Ta ture shi. "Malama, ni na iya boko ne?" Duk cikinsu ba mai iya dubawa ta ce gaskiyata. Muryata ta sha dishewa a kan matan nan, ashe kallon mai ƙarin gishiri ake yi mini.

Washegari aka sake jingina waya. Inna ta turo mini ƙwarya da ƙafa. "Tunda ba karatu, ga gyaɗa." Na zauna na juya musu baya ina ɓara, yatsuna na zafi, kiɗan na shiga kunnena ko ban so ba. Kowace fitowa da waƙarta. Har da ta biki, da maroƙi da kalangu a hammata, aljani na ta minshari.

Ranar da ya tashi a fim ɗin kuwa, wani yaro ne ya tafa hannu sau ɗaya zai kashe sauro. Ƙasa ta dare.

Goggo ta ajiye gyaɗar hannunta. "Tsaya, tsaya. Duk gangunan nan bai ji ba, sai sauro? Ke, zo ki gaya mana yadda aka yi."

Na ce ban sani ba, a tambayi waɗanda suka fi ni karatu. In ana son abin da ya faru, ga littafi na uku nan, amma ba zan buɗe baki waya na kuka ba.

Goggo ta ja tabarmarta ta dawo gefena. Inna ta biyo ta tana mita, sai maƙwabciya ɗaya. Matar Yaya ta ɗauki wayarta, ita da sauran matan suka shige ɗakinta, ta saki labule. Haka muka ƙare kakar, gida ya rabu biyu, ni ina ɗaga murya, fiyano na fitowa ta taga. Matar Yaya kuma har yau ba ta janye maganarta ba, ni ma ban daina jira ba.