Tarhon da Yaya Lawal ya ja wa Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Lawal, amma har yau in na ji ƙarar tarho irin na dā, shi nake tunawa.

Malamin firamare ne a Sandamu, kuma mutum ne mai shegen son kwance kayan lantarki. Rediyon gidanmu na Daura babu wadda ba ta sha wuya a hannunsa ba. Muna yi masa dariya, sai da Babanmu ya rasu muka san amfanin wannan hali nasa.

Lokacin ƙanwarmu Binta tana aure a Jidda, ga tsohon ciki, babu halin zuwa. Inna ta shiga takaba, kullum tana ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske take ci. Duk mun san muryar Binta take so. Wayar hannu kuwa ba ta kama sabis a cikin ɗakin, ginin ƙasa ne mai kauri, kuma idon Inna ba ya ganin maɓallan.

Sai ga Yaya da akwatuna biyu ƙanana. Ɗaya rauta, mai kamo intanet ta raba, ɗaya adafta, wadda ake jona wa tarhon gida ya yi magana ta intanet ɗin. Matsalar ita ce rautar ba ta kamawa sai a tagar zaure, inda maza ke zaman gaisuwa. Mai haɗa kayan da ya ɗauko kuma baƙo ne, ba ya shiga cikin gida, balle ɗakin mai takaba.

Haka aka yi aikin, mai haɗawa yana zaure yana ɗaga murya, Yaya yana ciki da kebul a wuya kamar mai tallar igiya, ni kuma ina tsakar gida ina maimaita abin da kowa ya ce.

"Hajara, ce masa ramin nan biyu ne, wanne zan sa?"

"Ya ce mai shuɗi, Yaya."

"To ce masa duk baƙaƙe ne a wurina!"

Yaya ya huda bangon zaure, ya bi kan katanga da kebul ɗin har gefen gadon Inna. Aka gama, tarho ya ƙi ƙara kwana da kwanaki. Ashe Gwaggo ce, ƙanwar Baba, take cire rautar daga wuta in an idar da sallah, ta lulluɓe ta da zane, wai kada ta gaji. Yaya bai yi faɗa ba, ya dai durƙusa ya ce, "Gwaggo, wannan ba ta barci, ki bar ta ta yi gadi."

Washegari da hantsi tarho ya yi ƙara. Inna ta ɗauka da hannu biyu, ta yi sallama, ta ji muryar Binta, sai kuka. Ranar ta cinye tuwonta.

Yau kowa a gidan da wayarsa a hannu, ana ganin juna ma a ciki, amma sai a yi wata ba a kira Inna ba. Na san abin da Yaya zai ce, zai ce kayan sun yi sauƙi, mu ne muka yi nauyi. Ina kewarsa ƙwarai.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne uwa da 'yarta da ba su sake yin nisa da juna ba. Ranar da zazzaɓi ya ɗauke shi, muka tsaya muna shawarar wanda zai sanar da Binta. Inna ta ce Binta ba za ta ji a bakin kowa ba sai nata. Ɗan fari ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ɗauki tarhon, aka danna mata lambar, ta ce, "Binta, ki yi haƙuri. Lawal ya tafi."

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sa ka huta.