Ƙwan da Yaya ya aiko daga kudu

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, yayana da ya daɗe yana soja a kudu ya aiko cewa zai tuɓe kaki ya dawo Katsina ya kama kiwon kaji. Ya turo ƙwai talatin a motar kaya, ya ce in ƙyanƙyashe masa su, yana son ya iso ya tarar da abu mai rai.

Na karɓo kwalin a Babbar Kasuwa, na ari injin ƙyanƙyasa mai fitilar kananzir wurin maƙwabcinmu a Ƙofar Ƙwaya, wani tsohon malamin gona. Shi ya rufe taga da tsakar rana ya haska ƙwai ɗaya da tocila. Ya ce lafiyayyen ƙwai yana da gurbin iska manne a gefe mai faɗi, nan ɗan tsako yake fara numfashi kafin ya fasa ɓawo. Na wannan kuwa yawo yake. Duk yadda ya juya ƙwan, sai tabon ya taso ya tsaya saitina kamar ido.

"Hanya ta girgiza su, Hajiya," in ji shi. "Ki tsaida su tsini ƙasa, kada ki taɓa su kwana ukku, ko gurbin ya kama."

Ni kuwa kunnen ƙashi gare ni. Tun ina yarinya nake ganin kaza tana juya ƙwanta, wa zai koya mini? Yana fita na kwantar da su, na shiga juyi safe da yamma.

Ranar kwana ashirin na ji kuka siriri daga cikin injin. Na duba, babu ƙwan da ya tsage. Washegari ma haka, sai dai kukan ya ragu. Ran nan Yaya ya iso, a rame. Ko ruwa bai sha ba ya shiga ɗakin da injin yake, ya kara kunne.

"Na san wanga kuka," ya ce. "Shekara biyu ina gadin wata ƙofar kurkuku da ake yin irinsa a bayanta. Ban taɓa buɗewa ba."

Ya zauna a ƙasa yana ɓare su da farce ɗaya bayan ɗaya. Kowane tsako ya cika halitta, har da gashi, amma ya mutu baki cikin ruwan ƙwan. Na ƙarshe ya motsa sau ɗaya a tafinsa.

Malamin gona ya leƙo ya ce, "Kin dai tsaida su?"

Tsoro ya kama ni, na ce na tsayar.

Yaya ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "To, ashe daga gare ni ne," ya ce. "Alhaki ne ya biyo ni."

Bai sake zancen kaji ba. Na yi ta cewa gobe zan faɗa masa gaskiya, har ranar da aka fita da shi a makara.